Shekarar da Na Fitar da Hanan

Na san abin da ake faɗa a kaina a gidan nan. Ba a gabana ake faɗa ba, amma bangon ɗakunanmu bai yi kaurin da zai riƙe magana ba, kunnena kuma bai mutu ba tukuna. Ana cewa ni na fitar da Hanan daga Makka saboda kwaɗayin suna, ni na sa baƙin ciki ya kashe mahaifinku. Yayanku ya faɗa wa matarsa, matarsa ta faɗa wa 'ya'yanta, yanzu har jikokina kan ɗago su dube ni in an ambaci gwaggonsu. Ke Jamila kina da wayo lokacin, amma ba komai aka yi a gabanki ba. Kai kuwa Auta kana rarrafe. Don haka zan faɗi yadda aka yi, sau ɗaya, tun ina da sauran hankalina, don jikina ya fara gaya mini abin da yake gaya wa tsofaffi. Da Hausa na rubuta saboda da ita nake tunani. Wanda Hausarsa ta gaza a cikinku ya nemi mai karanta masa.

Ni da mahaifinku daga Ringim muka zo, muna da ƙuruciya, yayanku yana goye a bayana. Muka gama ibadar da ta kawo mu, muka ƙi komawa, kamar ɗimbin waɗanda suka riga mu. Ba igama, wato izinin zama, ba takardar komai. Shi ya shiga tura arabiyya, keken marasa ƙarfi, a Harami, yana kai tsofaffin alhazai ɗawafi da Safa da Marwa, ni kuma na shiga aikatau gida-gida. A wani ɗaki a kan dutse a Misfala na haife ku ku uku, Hanan ce ta fari. A Makka aka haife ku, amma in ka tambayi hukumar Makka, ba a haife ku ba.

Hanan tana da shekara shida na samu aikin shara a wani nadi na mata a Aziziyya, a ƙasan wani dogon bene. Wuri ne da masu hali ke kawo 'ya'yansu mata su koyi wasan da ake kira jumbaz, wato alkafura da tsalle da lanƙwasa jiki. Wani ana yi a kan katifa, wani a jikin ƙarafa biyu da ake lilo, wani a kan wani dogon katako da aka ɗaga sama, wanda faɗinsa bai wuce tafin hannuna ba. Ba makarantar da za ta karɓi Hanan sai ta allo, ita kuma da hantsi an tashi, don haka nake tafiya da ita in zaunar da ita wajen takalma. Wata rana na fito daga wankin banɗaki, yara duk sun watse, sai na hango ta a kan katakon nan. Juyawa take yi a kan ƙafa ɗaya kamar yadda ta ga ana koya wa 'ya'yan mutane, ta miƙe hannu, ta ɗaga haɓa. Gaskiya aikina na fara tunawa kafin wuyanta. Na buɗe baki zan daka mata tsawa sai na ji an riƙe mini hannu. Mai koyarwar ce, Kabtin Suhair, wata 'yar Masar gajera mai kakkausar murya, wadda ita ma a ƙuruciyarta ta yi wa ƙasarta wasan.

"'Yar wace ce?" ta tambaye ni da Larabci.

"Tawa ce. Ki yi haƙuri, ba za ta ƙara ba."

"Za ta ƙara," in ji ta. "Gobe ma ki zo da ita. In sauran sun tafi, tawa ce."

Haka aka yi shekara bakwai. In 'ya'yan masu biya sun tafi, ni ina goge ƙasa, Kabtin tana kan Hanan. Matar nan ba ta da tausayi a baki. Sai ta sa ta maimaita abu ɗaya har yarinyar ta yi kuka, ta share hawaye, ta sake hawa. Tafin hannunta ya ɗaye saboda ƙarafan nan, ina ƙunsa mata lalle don fatar ta yi kauri, ina shafa mata man kaɗanya a idon sawu. Ko da azumi ba ta fasa ba, ba ta kuma taɓa ce mini ta gaji ba. A gida ita ce 'yar gaban goshin mahaifinku, Abuya kamar yadda kuke kiransa, wannan kowa ya sani. In ya dawo daga Harami ƙafafu a kumbure, sai ya kwanta rub da ciki ya ce, Hanan, zo ki taka mini baya. Ta hau, tana tafiya a gadon bayansa kamar a kan katakonta, har da juyi, yana dariya yana cewa, a hankali, ja'ira. Ya san abin da take yi a nadin. Wasan yara ya ɗauke shi, ni ma haka na ɗauka.

Shekarar da ta cika sha uku aka shirya gasa a Jidda tsakanin 'yan matan nadi-nadi. Kabtin ta ɗauke ta a motarta ta ratsa da ita wurin bincike, ni ina gida ina jira. Da suka isa aka ce sai an rubuta lambar katin shaidarta. Ba kati. Bayan doguwar magiya aka yarda ta yi wasa, amma ba cikin gasa ba, don nishaɗin 'yan kallo kawai, a lokacin da alƙalai suka tashi shan shayi. Kabtin ta ce mini da ta gama sai wurin ya yi tsit, sannan mutane suka miƙe tsaye. Bayan haka aka kira wata yarinya da Hanan ta fi ta nesa ba kusa ba, aka ba ta kofi. Suna fita uwar yarinyar ta shafa kan Hanan, ta ce wa ƙawarta, Takaruniyya ce, baƙar Afirka, 'yar mai sharar nadin, ai su haka jikinsu yake, kamar birai. Hanan ta fi jin Larabci a kan Hausa, ba kalmar da ta wuce ta. Ta dawo gida ba ta ci abinci ba, ba ta kuma yi kuka ba.

Kashegari Kabtin ta karɓe tsumman daga hannuna ta zaunar da ni a kan katifa, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Ummu Usama," haka take kirana, da sunan yayanku, "ki saurare ni da kyau. Na koyar da yara da yawa, ban taɓa riƙe irin wannan ba. Amma wasan nan ba ya jiran mace. 'Yan shekaru ne, daga nan jiki ya ƙi. A nan ba ta da ƙasa, wanda ba shi da ƙasa kuma ba ya shiga gasa. Ƙasarku tana neman irinta. Na aika musu bidiyonta, sun amsa. Akwai ƙawata a Alƙahira da za ta riƙe ta, ta ci gaba daga inda na tsaya."

"To, me ya rage?"

"Fasfo. Za a ba ta a ofishin jakadancinku na Jidda. Amma fita sai ta tarhil, kin sani."

Na sani mana. Duk wanda ya zauna a nan ba takarda ya san tarhil. Za a ɗauki zanen yatsunka, a sa ka a jirgi, a rufe maka hanyar dawowa shekaru masu yawa, wani ma har abada. Na san mata da aka kama a bakin kasuwa da cefane a hannu, 'ya'yansu na gida suna jiran abinci, har yau ba su sake haɗuwa ba. Abin da muke gudu tun zuwanmu, abin da ya sa muke bin lungu muna barin titi, shi ake cewa in ɗauki 'yata in kai ta da hannuna.

Na yi kwanaki ina juya maganar kafin na faɗe ta a gida. Ranar Juma'a ce, an sauko, muna cin abinci gaba ɗaya. Yayanku lokacin ya fara dako a Mina in Hajji ya zo, yana ganin ya zama namiji. Shi ya fara tsalle.

"Tsirara za ta yi a gaban duniya? 'Yar Makka? Wallahi in ta fita, ni ba ni da ƙanwa."

Hanan ta tashi ta ɗauko kayan da Kabtin ta sa aka ɗinka mata, masu rufe hannu har wuyan hannu, ƙafa har idon sawu, ta shimfiɗa a gabansa. Ko kallonsu bai yi ba. Mahaifinku ya tsame hannunsa daga kwano.

"Ba kayan ne damuwata ba," ya ce. "Wanda ya fita ba ya dawowa. Na bar uwata a Ringim, na ce mata wata biyu zan yi. Ta mutu ban gan ta ba. Na san abin da nake faɗa."

"To, Malam, me za ta zama a nan?" na ce. "Faɗa mini. Ba makaranta, ba kati, ba asibiti. Nan da shekara biyu wata za ta ɗauke ta aikatau. Ni za ta zama."

"Ke me ya same ki? Kin kwana da yunwa? Mutane na sayar da gona don su ga ɗakin Allah sau ɗaya, ke kullum kina kusa da shi."

"Ina kusa da shi," na ce, "amma tun safe har yamma banɗakin mutane nake kallo."

Ban taɓa mayar masa da magana irin wannan ba tun da aka kai ni gidansa. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya tashi ya ɗauki takalmansa. Kusan wata guda ba ya yi mini magana sai ta bakinki, Jamila. Ce wa uwarki ta ba ni ruwa. Ce wa uwarki zan fita. Hanan ma ya daina kiranta, in ya dawo sai ya kwanta ya juya wa ɗakin baya. Maganar kuma ta fita unguwa, ban san ta bakin wa ba, ko da yake ina da zato. Matan da muke zuwa biki da suna tare suka fara zuwa yi mini nasiha ɗaya bayan ɗaya. Wata ta ce Bamasariyar sayar da ita za ta yi. Wata ta ce ina aka taɓa ganin 'yar Musulmi tana alkafura a gaban maza. Wadda ta fi kowa zafi, 'yarta tana aikatau a wani gida a Ɗa'ifa tun tana ƙarama, sai shekara ta zagayo take ganinta, amma wannan bai zama abin nasiha ba.

Ita kanta Hanan na tambaye ta. Kada wani ya ce muku ban tambaye ta ba. Muna shanya a saman bene da la'asar, ana hango hasumiyoyin Harami ta tsakanin manyan otal-otal, na ce ta ajiye wankin ta dube ni.

"Kina so?"

"Ina so, Ummi."

"Ba za ki dawo ba. Ba za ki ga Abuya ba, ba za ki ga Jamila ba, Auta zai girma bai san ki ba."

"Na sani."

"Me kika sani? Ke da ba ki taɓa kwana a wani gida ba?"

Ta murɗa jiƙaƙƙen ɗankwali a hannu. Sannan ta ce, rabi Hausa rabi Larabci kamar yadda kuke yi:

"In ina kan katakon nan ba wanda yake tambayata kati. Sai na sauko."

Yarinya 'yar sha uku ba ta san ma'anar ba za ki dawo ba. Ni na sani, kuma da sanina na yanke shawara. Ban taɓa ɓoye wannan ba, ba kuma zan ba kowa haƙuri a kansa ba.

Ga abin da yayanku ba ya faɗa in yana ba da labarin. Ba a ba yarinya fasfo sai ubanta ya tsaya. Ni kaɗai da ba abin da zan iya. Wata safiya, ban roƙe shi ba, ban aika kowa ya roƙe shi ba, mahaifinku ya fito cikin farar rigarsa ta Juma'a ya ce wa Hanan ta sa mayafinta. Ya bi masu ɗaukar mutane ta bayan duwatsu zuwa Jidda, hanyar da in aka kama shi, shi ma sai tarhil. Ya tsaya a layi cikin rana, ya dangwala yatsansa. Da suka dawo ya zauna a bakin ƙofa yana cire takalmi, ya yi mini magana ta farko bayan duk wannan shirun, ba tare da ya dube ni ba.

"Ba don na yarda ba. Don kada ta girma ta ce ni na tsare ta."

Ana gobe tafiya ya dawo da wuri, ya shimfiɗa tabarma ya kwanta, ya ce, Hanan, zo ki taka mini baya. Ta hau. Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Da safe ya kai ta Harami ta yi ɗawafin bankwana, su biyu kawai, abin da suka faɗa wa juna ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Akwai wata maƙwabciyarmu 'yar Kano da ta gaji da zaman ɓoye za ta miƙa kanta, a hannunta muka damƙa Hanan har gida. Na raka su bakin titi, iyakar inda zan iya zuwa ke nan. Yayanku bai fito ba. Ta shiga motar da ƙaramar jaka, ta manna fuska a gilashi. Ni kuma na juya na tafi Aziziyya, don ranar ma akwai ƙasar da za a goge. Na goge ko'ina, na bar ƙarƙashin katakon. Kabtin ta gani, ta ɗauke kai.

Abin da ya biyo baya a waya muka ji shi, guntu-guntu. A sansanin 'yan wasa na gida suka sa mata suna Balarabiya, suna kwaikwayon Hausarta, Turanci kuwa ko zo in kashe ki ba ta ji. A nan Takaruniyya, a can Balarabiya. Takan kira ni ta ce, Ummi, ni 'yar ina ce? In ce mata, 'yata ce ke, je ki yi aikinki, in kashe wayar in shiga bayi don kada ku ga fuskata. Daga baya ta koma Alƙahira wajen ƙawar Kabtin, daga can ake kiranta in za a yi gasa. Tana da sha shida ta tsaya a gasar ƙasashen Afirka ta ɗauko lambar tagulla a kan katako, shekara ta zagayo ta ɗauko ta azurfa. A waya muka kalla. Ɗakinmu ya cika da matan nan da suka yi mini nasiha, suna guɗa da aka ɗaga tuta, suna cewa 'yarmu ce, a gabanmu ta girma. Na ba su shayi. Mahaifinku sau ɗaya ya kalla. Da ta yi tsalle ta juya a sama ta baya, ya rufe fuska da hannu yana cewa za ta faɗi, za ta faɗi, ya fita. Bai ƙara kallo ba. Amma duk ranar da ta yi wasa, yana shigowa kafin ya zauna sai ya tambaye ni.

"Ta sauka lafiya?"

Ba baƙin ciki ya kashe mahaifinku ba. Ciwon suga ya kashe shi, da shekarun da ya yi yana tura mutane a kan ƙafa mai ciwo, da tsoron zuwa asibiti ba takarda har gyambon ya ci ƙashi. Ni na yi jinyarsa, na san abin da na wanke. Da ciwon ya tsananta Hanan ta nemi bizar Umara, aka duba yatsunta aka ce a'a. Ta sake nema, aka sake cewa a'a. Ya rasu a makon da take wata ƙasar Turai a gasar duniya, karo na farko da ta kai wannan matsayi. Na ce kowa ya yi shiru har ta gama wasanta, tun da faɗa mata ba zai dawo da shi ba, ba zai kuma kawo ta jana'iza ba. Yayanku ya fita waje ya kira ta, tana shirin hawa. Ita ta faɗa mini kalmominsa daga baya.

"Abuya ya mutu. Ku kuka kashe shi, ke da uwarki. Je ki yi rawarki."

Ta hau. Ban san da wace zuciya ba, amma ta hau. Sau biyu ta faɗo daga katakon da ba ta taɓa faɗowa daga kansa a gasa ba, ta sake hawa, ta ƙarasa, ta ɗaga wa alƙalai hannu kamar yadda ake yi. Wannan ma ba ya cikin labarin da ake ba jikokina.

Duk da haka ta farfaɗo. Bayan wasu shekaru ta kai inda saura gasa ɗaya ta samu gurbi a babban taron wasanni na duniya, wanda kowane ɗan wasa ke mafarkinsa. Ta shirya, ta zauna tana jiran tikiti daga shugabannin da ke kula da su a gida. Gobe, jibi, ana kan magana. Tikitin ya iso bayan an rufe karɓar 'yan wasa. Daga baya ta ga hotunan wasu daga cikinsu a birnin da aka yi gasar, da matansu, suna cin abinci. Ba wanda ya ba ta haƙuri. Aka ce ta jira wani zagayen, kamar ƙuruciya ajiye ta ake yi a ɗauko. Sai ta matsa wa kanta, tana horo a kan dunduniya mai ciwo, tana ɗaure ta tana hawa. Wata rana ta diro daga tsalle, agararta, jijiyar bayan dunduniya, ta tsinke. Ta ce mini ta ji ƙarar kamar an karya kara, har ta waiga tana neman wanda ya buge ta. Mutanen da suka yi layi suna ɗaukar hoto da lambobinta suka daina ɗaukar waya. Ƙawar Kabtin ce ta tsaya aka yi mata aiki. Tana da ashirin da ɗaya komai ya ƙare. Yanzu tana Kaduna tana koya wa ƙananan yara wasan a wata makaranta, ita kaɗai a ɗakin haya. A nan kuwa zamani ya juya, 'yan matan ƙasar suna wasan a fili, ana nuna su a talabijin, ana tafa musu. Abin da aka zage ni a kansa ya zama abin ado. In na gani sai in sauya tasha.

Bara aka buɗe mata hanya, ta zo Umara cikin ayari kamar kowace baƙuwa, da 'yan kwanakin da aka yanka mata. Ɗakin da aka haife ta a ciki an rushe shi da dutsen gaba ɗaya, an dasa otal a wurin, sai da Jamila ta je ta ɗauko ta ta kawo ta inda muke yanzu. Kun gan ta. Kun ga yadda take ɗan jan ƙafar hagu, kun ji Hausarta ta fi ta kowa a gidan nan kyau, Larabcin ne ya fara kufce mata. Kai Auta ka gaishe ta kamar yadda ake gaida baƙuwa, ban ga laifinka ba. Yayanku ya kwashe iyalinsa ya koma gidan surukansa har ta tafi.

Abin da ba ku gani ba shi ne ranar da ta ce in kai ta kabarin mahaifinta. Na faɗa mata mata ba sa shiga, kaburburan nan kuma ba suna, duwatsu ne kawai a jere. Wanda ya san ɓangaren da aka sa shi yayanku ne, don shi ya shiga da shi. Ta ce mu je haka nan. Muka tsaya a bakin maƙabartar cikin rana, ta kama ƙarfen ƙofa tana duban filin, ba ta san ina za ta fuskanta ba. Ta daɗe tana addu'a. Da ta shafa sai ta juyo.

"Ummi, ki zo mu tafi gida. Ina da ɗaki. Ki huta haka."

"In na fita ba zan dawo ba," na ce. "Jamila fa? Auta fa?"

Ta yi wani ɗan murmushi da ban so ba.

"To, kin gani."

Sai na tambaye ta abin da na daɗe ina riƙe da shi a ciki. Na ce, in da za a mayar da ke shekarar nan, a sake tambayarki, me za ki ce mini?

"Kada ki tambaye ni wannan," ta ce. "Wata rana in na tashi godiya nake miki. Wata rana ko lambarki ba na iya dannawa. Duka biyun gaskiya ne, Ummi."

Ban ji haushinta ba. Ita kaɗai ce a cikinku take da ikon faɗa mini haka, don jikinta da ƙuruciyarta abin ya ci. Sauran masu magana suna nan da ƙafafunsu biyu lafiya, sun ga ubansu har ranar da aka rufe shi.

Ranar komawarta na raka ta Aziziyya inda motar ayarinsu take jira. Mutane na ta loda jarkokin zamzam, direba na ta danna oda. Ta riƙe hannuna ta ce abu ɗaya take roƙo. In ciwona ya tashi, a kira ta tun ina iya magana, ko da ba za ta samu zuwa ba, ta dai ji muryata. Kuma kada yayanku ya zama mai kiran.

Jamila, ke na ɗora wa wannan. Lambarta tana wayarki. Kada ki jira sai an rufe mini ido.